Yaron da Ya Kai Rana ta Uku Gida

Shekara huɗu na yi ina koyar da labarin halitta a zangon hutu na matasa, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa cewa ban iya ba. Abin da ake cewa shi ne ina da zafi. Wannan kam ban musa ba.

A filin wata makarantar firamare ta mishan muke yin zangon, kan tudu, kudu da Yelwa. In ka tsaya bayan ajin ƙarshe kana hango kogin Kwara da gungunansa, wato tsibiran da ke tsakiyar kogi. Da bazara muke taruwa, bayan an cire albasa, ba a kuma fara shuka ba, don lokacin ne kaɗai uba zai iya sakin ɗansa na mako guda. Yara kan zo daga Shanga, daga Wara, daga ƙauyukan Ngaski. Akwai Kambari, akwai Gungawa, akwai 'ya'yan akawunan da aiki ya kawo bayan an sami 'yancin kai. Maza na kwana a azuzuwa, 'yan mata a gidan fasto. Matata ke tuƙa musu tuwo a manyan tukwane biyu, tana mita cewa yaran nan ciki suka kawo, ba kunne ba.

Kayan aikina baƙin bargo ne da nake ratayawa a jikin allo, da hotunan takarda da ake manna masa. Haske, sararin sama, ƙasa da tsire-tsire, kifi, tsuntsu, dabba, mutum. Hoton rana tun shekarar farko akuyar fasto ta cinye shi, sai na koma rataya murfin gwangwanin madara da zare. Duk shekara sai an yi dariya in na ɗaga shi, duk shekara kuma sai na daka tsawa.

Zafina yana da asali. Wasu daga cikin manyan yaran sun shiga sakandare, suna dawowa da maganar wai duniya ita ta yi kanta, mutum kuma jikan biri ne. Ni da karatuna bai wuce horon malanta ba, in yaro ya kawo mini wannan sai in ji kamar ni ya zaga. Ban iya cewa ban sani ba. Gara in ɗaga murya har yaro ya sunkuyar da kai, in ɗauka na amsa masa.

Akwai wata dabara da ni na ƙirƙiro ta, nake kuma taƙama da ita. Muna kiranta kai rana gida. Ƙarshen mako kowane yaro zai ɗauki rana guda cikin ranakun halitta shida, ya haddace ta tare da bayanin da na yi a kanta. In ya koma gida ya durƙusa gaban maigida, ya faɗe ta da harshensu. Doka ɗaya ce: ba ƙari, ba ragi. Yawancin iyayen ba Kirista ba ne, wasu Musulmi, wasu masu bin addinin kakanni, amma ba uban da zai kori ɗan da ya durƙusa yana ba shi labari. Ta haka maganarmu take shiga gidajen da ni ko zaure ba za a bar ni in wuce ba.

A shekara ta huɗu akwai wani yaro Bagunge, ɗan shekara sha shida ko kusa, dogo, mai faɗin kafaɗa, ɗan kokawa. Ɗan gungu muke ce masa. Ba shi da surutu, amma in ya haddace abu ya zauna ke nan. Matata ce ta gano halin da yake ciki, don ita yara ke gaya wa magana a bakin murhu, ni tsorona suke ji. Ubansa manomin albasa ne, shi ke kula da wurin tsafin gidansu. Tun ranar da yaron ya fara zuwa coci uban ya daina cin tuwo da shi akushi ɗaya. Bai buge shi ba, bai kore shi ba. Innarsa ce ke zuba masa nasa daban, ta ajiye a bakin ƙofa, yana ci yana jin ƙannensa na ci da ubansu. Shekara biyu ana haka. Matata ta ce da ta tambaye shi abin da yake roƙo in ana addu'a, cewa ya yi hannunsa ya koma akushin babansa, shi ke nan.

Shekarar ce kuma aka rufe dam ɗin Kainji don a tare kogi. Masu awon ƙasa sun riga sun bi yankin sun kakkafa turaku masu fenti, wasu can kan tudu, a wuraren da ko kakan kakan wani bai taɓa ganin ruwa ba. An gina sababbin ƙauyuka na siminti nesa da kogi, ana ta kwashe mutane da jirage da motoci. Uban ɗan gungu ya bi umarnin hakimi ya kai mata da yara sabon gida. Amma rumbunsa na gero ya bar shi a gungu, a wuri mafi tudu, da gorunan irin albasarsa rataye a ciki. 'Yan'uwansa na ta matsa masa ya kwaso, shi kuma yana ta jinkiri, zuciyarsa biyu.

Ranar da muka zo kan rana ta uku, ranar da Allah ya tara ruwa wuri guda ƙasa ta fito busasshiya, sai na ce a bar bargo, mu sauka bakin kogi. Ruwa ya janye sosai. Akwai wani babban dutse a gaɓa mai zane a jikinsa, alamar inda ruwa ke tsayawa. Na nuna musu. Na ce farin ruwa na zuwa da damina, baƙin ruwa na zuwa da sanyi, kowanne ya zo nan ya tsaya ya koma. Na ce wa ya ja wannan zane? Suka amsa baki ɗaya cewa Allah ne. Raina ya yi fari, don darasin ya shiga.

Sai wani ɗan sakandare, ɗan akawu, ya ɗaga hannu yana murmushi. Ya ce to turakun nan fa da ke bayan makaranta? Ya ce malaminsu ya ce ruwa har can zai kai, lissafi ne, ba wanda zai hana. Wasu suka ƙyalƙyale da dariya.

Nan take na hau. Na ce wanda ya ce wa ruwa ya taru, shi ya ja masa iyaka. Na ce babu Bature, babu injiniya, babu siminti da zai matsar da ita. Na ce tudun da Allah ya busar a rana ta uku busasshe ne har ƙarshen duniya. Ɗan akawu ya sunkuyar da kai, na ji sanyi a raina.

Ɗan gungu, wanda bai taɓa yin tambaya ba tun farkon mako, ya matso kusa.

"Malam, har gungunmu?"

Na ce, "Har gungunku."

Haka na faɗa, da bakin nan nawa, gaban yara fiye da talatin. Na kan tambayi kaina ko na gaskata abin da na faɗa. A daidai lokacin da nake faɗa, na gaskata. Amma wata biyu kafin nan na riga na kwashe littattafaina da akwatin matata daga gidanmu na bakin gaɓa a Yelwa, na kai su gidan ƙanena kan tudu.

Ranar rabon ranaku shi ya fara miƙewa ya roƙi rana ta uku. Na saurari haddarsa. Bai bar ko kalma ba, har da Bature da injiniya da siminti. Na yaba masa gaban kowa.

Bayan mako biyu, ranar kasuwar Yelwa, sai ga shi a ƙofar gidanmu da kwandon albasa a kai. Ban taɓa ganin haƙoransa duka ba sai ranar. Ya durƙusa, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya fara.

"Malam, Baba ya saurara. Sau ukku yas sa ni in maimaita mishi. Yac ce ashe Allahnku ya san kogi. Da marece da anka kawo tuwo, sai yat turo akushi wajena."

Matata ta rangaɗa guɗa daga madafa. Ni kuwa kaina ya kumbura. Albasar kyauta ce daga uban, irin manyan nan farare da fatake ke zuwa nema daga kudu.

Yaron ya ƙara da cewa, "Kuma Baba ya ce rumbu na nan inda shike. Ba mu taɓa shi. Bayan damana za mu koma gida."

Na yi murmushin dole na ce Allah ya yi masa albarka. Da ya tafi matata ta fito tana goge hannu da zane. Ta tsaya tana kallona.

"Malam, ka ji abin da yaron ga yac ce?"

Na ce na ji.

"To ka hau jirgi ka tai ka hwaɗa ma tsohon ga shi kwashe hatsinai. Kai da kak kwashe naka."

Na ce mata ba ta san komai a kan wa'azi ba. Na ce in na je na janye maganata, me zai rage wa yaron? A mayar da shi bakin ƙofa ke nan? Ta ce ai gara tuwon bakin ƙofa da babu tuwon. Na yi mata tsawa, daga baya na ce zan je ranar Asabar. Asabar ta zo aka yi ruwan farko. Ta gaba aka koma makaranta. Ranar Lahadi kuma na miƙe a coci na ba da labarin yadda rana ta uku ta haɗa uba da ɗa, mutane suna ta amin.

Ruwan dam bai zo da ƙara ba. Da na ɗauka ambaliya za a yi, a ji rugugi, a yi gudu. Ina! Kullum in gari ya waye sai ka ga ya ɗan ƙara, shiru, kamar fitsarin yaro a tabarma. Ya kai zanen dutse ya shanye shi, ya shanye dutsen gaba ɗaya. Ya shiga gonakin gaɓa, ya shiga unguwarmu, ya tsaya a ɗakin da aka haifi 'yata ta fari. Kukoki suka tsaya tsamo-tsamo cikin ruwa har ganyensu ya zube. Gunguna suka riƙa nutsewa ɗaya bayan ɗaya, ana hange daga tudu. Tsofaffi kan zauna a gaɓa tun safe suna kallo. Kowa a ƙasar nan ya yi rashi a shekarar, amma yawanci sun fita da abincinsu.

Abin da ya faru a gungun, daga baya na ji shi. Uba da ɗa suka zauna can suna gadin rumbu. Da ruwa ya wuce inda ya saba, uban ya ce farin ruwa ya kan yi haka wata shekara. Da ya shiga tsakar gida uban ya fara shakka, ɗan ne ya riƙa ƙarfafa shi, yana maimaita masa haddarsa. Sai da ruwa ya taɓa duwatsun da rumbu ke zaune a kai tsohon ya ce a je a aro babban jirgi. Suka tafi da safe cikin ruwan sama. Kafin su dawo gindin rumbun ya jiƙe ya narke, rumbun ya kife. Jinkarsa kawai suka tarar tana yawo. Geron shekara guda ya tafi. Gorunan iri ma sun tafi, irin da tsohon ya gada daga ubansa, ubansa daga nasa uban. Gero ana samun taimako a wurin dangi. Wannan irin kuwa ba kowa ke da shi ba, masu shi ma ba sa bayarwa.

Bayan kwana goma ƙanen yaron ya zo makaranta da saƙo cewa Baba na son ganin Malam. Kwana biyu ina neman dalilin ƙin zuwa, ban samu ba. Na hau kekena.

Sabon ƙauyen ba itace ko ɗaya. Gidajen siminti ne iri guda a jere, rana na dukansu, ko ƙamshin kogi ba ka ji. An kafa rumfar zana a ƙofar gidan, tsohon na zaune kan tabarma, 'yan'uwansa uku a gefe, mata na leƙe ta katanga. Ɗan gungu na zaune dab da ubansa, ya rame. Ya tashi ya karɓi kekena ya jingine, ya kawo mini ruwa a ƙwarya.

Tsohon ya ji Hausa, da ita yake cinikin albasa. Amma magana mai nauyi da Gunganci yake yinta, ɗansa kuma shi ne tafinta. Muka gaisa, na yi masa jaje. Ya yi magana a hankali, ba faɗa, yaron na juya mini.

"Baba ya ce maganar da tas sa abincinai cikin ruwa, baki ukku ta biyo. Bakin Allahnku, da bakinka, da bakina. Ya ce Allahnku bai san shi ba sosai, ba shi ɗora mishi laihi. Saura biyu."

Tsohon ya jira ya gama, sannan ya ci gaba.

"Ya ce in kai kac ce ruwa ba shi kai ga gungunmu, to kai malamin takarda na, ba ka san kogi ba, ya yahe maka. Ni kau abin da anka ba ni shi nik kawo, ba ni da laihi. Amma in ni nik ƙara, to na yi mishi ƙarya ina durƙushe gabanai. Ya ce shi wanga kaɗai shika son sani."

Da yaron ya gama sai ya dube ni. Babu tsoro a fuskarsa ko kaɗan. Ya san abin da na faɗa, ya san na san ya sani. Jira kawai yake in faɗa a wuce wurin.

Dubi yadda tsohon nan ya sauƙaƙa mini. Ya yafe tun kafin in amsa. Kalma biyu ce, ni ne. Amma na dubi dattawan nan uku, na dubi matan da ke leƙe, na tuna gobe labari zai kai Wara, ya kai Yelwa, ya kai kunnen ɗan akawu, cewa Malam ya amsa da bakinsa bai san abin da yake koyarwa ba. Na ce wa kaina in na faɗi, Maganar Allah ce ta faɗi a ƙauyen nan. Na ce wa kaina yaro ne, ubansa zai huce. Zafin nan nawa ya taso, ba kuma wanda zan yi wa tsawa.

Na ce, "Ka gaya wa Baba, ni labarin farkon duniya na ba ku. Ban yi zancen dam ba, ban ambaci gungun kowa ba. Yaro ne bai fahimta ba."

Yaron bai yi motsi ba. Ya daɗe yana kallona, har ɗaya daga cikin dattawan ya yi gyaran murya. Tsohon ya ji Hausa, na tabbata ya riga ya gane, amma bai ɗaga kai ba, yana jiran ta fito daga bakin tafinta. Da yaron ya so, yana iya cewa ƙarya nake. Akwai yara biyu a ƙauyen nan da suka tsaya a bakin kogi ranar, aike ɗaya ya isa. Amma yaro ba ya ƙaryata malaminsa gaban dattawa. Ya juya ya fuskanci ubansa ya faɗi maganata da Gunganci. Ban ji harshen ba, amma na ji tsawonta daidai da tawa.

Tsohon ya tambaye shi wani abu gajere. Yaron ya sunkuyar da kai. Wata mata ta fashe da kuka a bayan katanga, na san innarsa ce. A lokacin ma ban makara ba. Bakina ya buɗe, sai na ɗauki ƙwarya na sha ruwa.

Tsohon ya kira sunan ƙaramin, wanda ya kai mini saƙo. Ya nuna masa wurin da wansa ke zaune. Ɗan gungu ya tashi ya ba shi wuri, ya fita daga inuwar rumfa ya tsaya cikin rana. Ƙaramin ya zauna, ya juya mini sauran maganar.

"Baba ya ce ka yi haƙuri da wahalar da anka ba ka. Ya ce daga yau ni na bakinai. Ya ce baƙo ba shi komawa hannu sake."

Gidan da ba su da geron gobe, suka kamo mini kaza. Na ce a'a, na rantse, tsohon ya ɗaga hannu ya ce ba a mayar masa da kyauta. Na karɓa.

Kafin kaka yaron ya bar ƙauyen. An ce ya bi wasu masunta da suka zo daga nesa kamun kifi a sabon tafkin, daga nan ba wanda ya ƙara jin ɗuriyarsa. Da na gaya wa matata yadda aka yi, sai ta ƙi dafa kazar. Badi da aka zo shirin zango na ce makogwarona na ciwo, aka ba wani. Ban bar coci ba, har yau kuma na gaskata Allah ne ya yi sama da ƙasa. Na je ƙauyen sau biyu da niyyar in faɗa wa tsohon gaskiya. Na farko na juyo daga bakin hanya. Na biyu na tarar kwana shida da binne shi.

Amma a ranar da aka ba ni kazar nan, da na tashi tafiya, ba wanda ya aiki yaron, shi ya zo ya karɓi kazar daga hannuna. Ya tsuguna cikin rana ya ɗaure ƙafafunta, ya ɗaure ta a bayan keke. Ya ja igiyar sau biyu ya ga ta ɗauru. Ya turo mini keken har bakin hanya, ya riƙe shi sai da na hau.

Ya ce, "Malam, ka bi ta tudu. Hanyar ƙasa ruwa ya cinye ta."